Surame: Kufan Birnin Kanta da Mutumin Gwandu Zai Ziyarta Ya Kwana Gida

Duk baƙon da ya sauka a Gwandu, inda ake fara kai shi shi ne hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya riƙi yammacin daular Sakkwato daga wannan gari har Allah ya karɓi abinsa. Daga nan sai a shiga ba shi labarin jihadi, da yaƙin Alwasa, da ganuwar da Muhammadu Bello ya kewaye garin da ita. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne garin ya girmi jihadin da kusan shekara 300. Ruwayar da aka gada kaka da kakanni ta ce Gwandu ta faro ne a matsayin gandun Sarkin Kabi Muhammadu Kanta, wato ƙauyen manoman da ke noma wa fada hatsi, kuma daga nan sunan ya samo asali. Shi kuwa mai gandun yana zaune ne can arewa, a wani birni mai ganuwar dutse da ake kira Surame.

Gandun ya zama gari, ya zama cibiyar mulki da ilimi, yau ga shi hedikwatar ƙaramar hukuma mai kasuwa da makarantu. Birnin mai gandun kuwa ya zama kufai. Kimanin shekara 300 ke nan rabon da a hura wuta a gidan Kanta. Kufan yana nan a ƙaramar hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, arewa da gulbin da Sakkwatawa ke kira Rima, Kabawa kuma ke kira Gulbin Kabi. In aka auna a miƙe, tsakaninsa da Gwandu bai kai kilomita 100 ba. Wanda ya yi sammako bayan sallar asuba zai iya taka ganuwar kafin rana ta take, ya dawo ya ci tuwon dare a gidansa. Amma a Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi, waɗanda suka san sunan Kanta sun ninka waɗanda suka taɓa ganin birninsa sau da yawa.

Abin da ido ke gani

Biranen ƙasar Hausa da laka aka san su. Badalar Kano, da ganuwar Katsina, da ta Zazzau, duk jar ƙasa ce da tubali. Shi ya sa garin da aka tashi daga cikinsa, damina kaɗan ke isa ta mai da ganuwarsa tudu. Alƙalawa, babban birnin Gobir da aka ci a 1808, shaida ce: wanda ba a nuna masa ba zai iya ratsa wurin bai san ya taka fadar Sarkin Gobir Yunfa ba. Surame ta sha bamban da su, domin da dutse aka gina ta.

Mai zuwa yakan fara hango kukoki, sannan wani dogon tudu baƙi-baƙi da ya miƙe cikin daji har ido ya gaji. Sai an matso ake gane tudun nan gini ne. Duwatsu ne jajaye da masu duhu, irin na marmarar yankin, an fasa su daidai ɗaukar mutum ɗaya, an jera su bisa juna, an cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar laka. A wasu wuraren ginin ya zube ya zama tsibi, sarƙaƙƙiya ta rufe shi. A wasu kuma yana tsaye ya fi tsayin mutum, har ana iya bin jerin duwatsun da yatsa a ga inda magini ya zaɓi mai faɗi ya ɗora bisa ƙanana don ya ɗaure su. Ganuwar ba ɗaya ba ce. Akwai ta waje mai kewaye da fili mai faɗin gaske, akwai na ciki, har a kai ga wadda ta killace gidan sarki. Ana gane gurbin ƙofofi inda ganuwa ta yanke, ana ganin tsofaffin rijiyoyi da harsashin ɗakuna.

In mutum ya sunkuya, ƙasar ma tana da abin nunawa. Fasassun tukwane ne birjik, wasu da zanen da maginiya ta yi a wuyan tukunya tun laka tana ɗanya. Waɗannan ba kayan sarki ba ne. Na matan da suka yi girki ne, da 'yan matan da suka ɗebo ruwa, da talakawan da babu littafin da ya riƙe sunansu. Su ne hujjar cewa Surame ba sansanin yaƙi kaɗai ba ce, gari ce da aka yi aure aka haihu aka yi jana'iza a cikinta har tsawon kusan ƙarni biyu.

Wane ne Kanta?

Labarin asalinsa a bakin Kabawa yake. Sun ce mahaifinsa baƙo ne daga gabas da ya zauna a Kuyambana, kudancin ƙasar Katsina, ya auri 'yar sarki. Yaron ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna a dambe da kokawa har babu mai karawa da shi. Da aka hana shi gadon sarautar ubansa sai ya yi fushi ya nausa yamma, samari masu ji da ƙarfi suka bi shi, har suka yada zango a kwarin gulbi. Garinsa na farko shi ne Leka, kuma har gobe gidan sarautar Argungu Lekawa ake ce musu.

Inda tarihin rubuce ya tarbe shi kuwa shi ne zamanin Askiya Muhammadu, sarkin Sanwai, wanda daularsa ta miƙe daga Gawo da Tambutu har ta taɓo ƙasar Hausa. Littafin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi na Tambutu ya rubuta wajen 1655, ya kira shi Kanta mai Leka. Ya nuna cewa Kanta ya raka rundunar Askiya yaƙin Agadas, da aka dawo wajen 1516 sai aka hana shi da mutanensa rabonsu na ganima. A kan haka suka yi tawaye. Aka gwabza, Sanwai ba ta yi galaba ba. Shekarar da ta biyo aka sake turo runduna, ita ma ta koma hannu rabbana. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Sanwai ba ta haƙura ba. Askiya Muhammadu Bankan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya taso da kansa, Kanta ya tarbe shi a wani wuri da littafin ya kira Wantarmasa, ya yi masa kaca-kaca, da ƙyar Askiyan ya sha. A zamanin Askiya Dawuda ma an sake taɓawa kafin a yi sulhu. A lokacin nan babu daular da ta kai Sanwai ƙarfi a yammacin Afirka, amma ta kasa tanƙwara ƙasar da ba ta kai rabin rabinta ba.

Dalilin yana cikin yanayin ƙasar. Fadamar Gulbin Kabi tana da faɗi, da damina takan zama tafki da taɓo inda doki ba ya moruwa. Rundunar da ta dogara da dawaki, in ta shigo nan, ta shigo hannun masu jirage da masunta da suka san kowane mashigi. Fadamar ce kuma ke ciyar da jama'a da shinkafa da kifi, ta ba dabbobi ciyawa da rani. Ga hanyoyin fatauci: masu zuwa Gwanja sayen goro, da masu hawa Azbin, da masu ɗauko gishirin Foga, duk ta ƙasar Kabi suke ratsawa. Wanda ya riƙe wannan kwari ya riƙe abinci da hanya da mafaka a lokaci guda. A nan Kanta ya kafa biranensa uku da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a littafinsa Infaƙul Maisuri: Leka, da Gungu, da Surame.

Yadda aka ɗora dutse bisa dutse

Ginin Surame aikin gayya ne, amma gayyar dole. Ruwayar Kabawa ta ce Kanta ya raba ganuwar kashi-kashi, kowace ƙasa da ke biyan sa haraji ya ba ta nata yankin. Labari biyu ne suka fi shahara. Na farko na Azbinawa ne: an ce ya hana su ɗiban ruwan gulbi, ya ce sai dai su ɗauko ruwan kwaɓa daga ƙasarsu bisa raƙuma, har da yashin da za a zuba a bargar dokinsa. Na biyu na Nufawa ne: sun makara, saboda haka aka ce su kwaɓa tasu lakar da man kaɗanya maimakon ruwa. Masu ba da labarin sukan ƙara da cewa yankin Nufawan ne ya fi kowane ƙarko.

Masanin tarihi ba zai rantse a kan raƙuman ruwa ba. Amma labaran suna faɗin abin da duwatsun da kansu suke tabbatarwa: ginin nan ya ci hannun dubban mutane, kuma wanda ya iya tara su, ya ciyar da su, ya tsare su har aiki ya kammala, ikonsa ya wuce bakin gulbi nesa. Sun kuma nuna iyakar da Kabawa ke ganin ikon Kanta ya kai, daga duwatsun Azbin a arewa zuwa Nupe a kudu. Haka nan suna adana ɗacin da talakawan da aka tilasta suka ji, domin ba a tuna Kanta da taushin hannu. Ana kuma ba da labarin jirginsa da aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda yake shiga da damina ya zaga garuruwansa ta ruwa.

Babbar jarrabawar ganuwar ta zo ne daga gabas. Azbinawa sun kai kuka Barno, Mai Ali ya taso da runduna ya ratso ƙasar Hausa ya yi wa Surame ƙawanya. A nan ne ruwaya ta kawo dabarar da ta fi kowace shahara a tarihin birnin. An ce da yaƙi ya yi tsanani, Kanta ya sa aka jingina gawarwakin mayaƙa a bisa ganuwa da bakunansu a hannu, an tsaga musu leɓɓa. Da gari ya waye Barebari suka hango dakaru jere suna yashe musu haƙora, ba sa gajiya ba sa motsi, sai gwiwarsu ta yi sanyi suka janye. Daga nan ne, in ji masu ruwayar, aka sami maganar dariya ba loto. Kanta ya bi sawunsu har wajen Nguru yana fafatawa da su.

A hanyar dawowa ce ajali ya same shi. A Dugul, cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya cika a Jirwa. Mutanensa suka ɗauko gawar zuwa gida, kuma an ce sun yi ta gina kaburbura a hanya don kada maƙiya su gane na gaskiyar.

Bayan Kanta

Birnin bai mutu da mai shi ba. Zuriyarsa sun ci gaba da mulki a Surame fiye da shekara 100, kuma sunansu ya kai inda ba a zato. A 1591 sojojin Maroko masu bindiga suka tsallako Sahara suka karya Sanwai a Tondibi. Ragowar gidan Askiya suka gangara kudu zuwa Dandi suna ci gaba da turjiya. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko wa Kanta Dawuda na Kabi takarda yana zarginsa da ba su mafaka da taimako, yana yi masa barazana. Takardar tana nan, masana sun buga ta. Sarkin da ke zaune a Marrakesh, wanda ke musayar jakadu da Ingila, ya ga ya wajaba ya rubuto wa mai mulkin wannan wuri da yau awaki ke kiwo a cikinsa. Sojojin Maroko kuwa ba su taɓa cin Kabi ba.

Rauni ya fara bayyana ne a ƙarni na 17. Maƙwabtan da suka daɗe suna biyan haraji suka yi ƙarfi. Wajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya karya rundunar Kabi ya ƙwace ƙasar Adar, wadda ke tsare wa Surame arewa. Zamfara ta bunƙasa a gabas, Gobirawa kuma suna matsowa kudu. A farkon ƙarni na 18 sai ukun suka haɗa kai: Zamfara, da Gobir, da Azbin. Muhammadu Bello ya rubuta cewa sun rushe manyan biranen Kabi uku. Ganuwar da ta gagari Barno ita kaɗai ba ta iya tsare daular da rassanta suka riga suka karye ba.

Sarkin Kabi Tomo ya kwashe jama'arsa ya bi gulbi ya yi kudu maso yamma, ya kafa sabuwar fada a bisa tudun da ke kallon fadama. Ita ce Birnin Kebbi. Surame ba ƙishirwa ce ta tashe ta ba, ba kuma annoba ba. Ta zama bakin iyaka ne, kusa da mashin abokan gaba, sarauta ta ƙaura, fatake da masu sana'a suka bi ta, sauran jama'a suka watsu cikin ƙauyukan kewaye.

Mulki ya gangara da gulbi

Daga nan labarin ya shigo ƙofar gidan mutanen Gwandu da Kalgo. Birnin Kebbi ta yi kusan shekara 90 tana fadar Kabawa. A watan Afrilun 1805 rundunar jihadi, ƙarƙashin Malam Abdullahi da Aliyu Jeɗo, ta ci birnin. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usman Masa. A cikin shekarar Shehu ya taso daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya sauka a Gwandu, tsohon gandun Kanta, saboda albarkar ƙasar da abincinta. Kafin shekarar ta fita Gobirawa da Azbinawa da Kabawan da suka juya baya suka haɗu suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a Alwasa, suka biyo su har bakin Gwandu, a nan aka mai da su baya. Bayan wannan ne aka yi wa garin ganuwa. Da aka raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗa hannun Malam Abdullahi, kuma bayan rasuwar Shehu a 1817 Gwandu ta tabbata fadarsa.

Jikokin Kanta ba su miƙa wuya ba. Sun koma Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya yi shekaru a tsare. A 1849 ya koma ya ɗaga tuta, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan har zuwan Turawa, ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, tsakanin Gwandu da Argungu sai kibiya. Sarkin Gwandu Haliru ma a fagen fama da Kabawa ya rasu a 1860. Bayan Turawa sun kafa mulki, a 1906 aka mai da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce ta rufe babin gabar, kuma daga kamun kifin da aka shirya don karrama shi ne bikin Argungu na yau ya samo tushe.

Wanda ya bi wannan zare zai ga abu ɗaya ne ke ta sauya mazauni a kwari ɗaya: daga Surame zuwa Birnin Kebbi, daga nan ya rabu biyu tsakanin Gwandu da Argungu, sannan ya sake komawa Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta, 1991. Jihar ta ɗauki sunan daular Kanta, amma da aka ja iyaka sai birnin Kanta ya faɗa ɓangaren Sakkwato.

Littafin da aka samu a Gwandu

Akwai wata alaƙa tsakanin Gwandu da Surame da ta cancanci a riƙa koya wa yara. A watan Mayun 1853 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi, mutum mai gudun duniya, bai yarda sun haɗu ido da ido ba. Amma wani malamin garin ya ara masa wani littafi mai kauri, rubutun hannu. Barth ya duƙufa kwana uku zuwa huɗu yana kwafar abin da ya iya. Littafin nan shi ne Tarikh al-Sudan. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta shi, sai daga baya aka tabbatar na al-Sa'adi ne, aka buga shi da Larabci a Faris a 1898, fassarar Faransanci ta biyo a 1900.

Ta wannan kwafi na Gwandu ne Turai ta fara sanin jerin sarakunan Sanwai da shekarunsu, kuma a cikin littafin ne labarin tawayen Kanta da yaƙe-yaƙensa yake. Ke nan malaman Gwandu, a daidai lokacin da garinsu ke yaƙi da jikokin Kanta, su ne ke adana rubutacciyar shaidar girman kakan abokan gabarsu. Da Barth ya bar Gwandu ya bi ta Birnin Kebbi, ya tarar da tsohon birnin Tomo kango ne, mutane na zaune a sabon gari kusa da shi. Birnin Kebbi ta farfaɗo daga baya. Surame ce ba ta sami mai komawa ba.

Halin da kufan ke ciki

A 1964 gwamnatin tarayya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare. A 2007 Nijeriya ta miƙa sunanta ga hukumar UNESCO, aka sa ta a jerin wuraren da ke jiran tantancewa. A jerin dindindin na hukumar kuwa Nijeriya ta shigar da Sukur ta Jihar Adamawa a 1999, da kurmin Osun na Osogbo a 2005. Maƙwabta sun yi gaba da irin nasu: kufan Loropeni mai ganuwar dutse a Burkina Faso ya shiga a 2009, tsohon garin Agadas, inda Kanta ya je yaƙi, ya shiga a 2013. Bikin kamun kifi na Argungu ma UNESCO ta karɓe shi cikin al'adun duniya a 2016. Birnin da ya haifi masarautar da ke shirya bikin yana nan yana jira.

Jiran kuwa yana da tsada. Saiwar itace tana shiga tsakanin duwatsu ta tsaga gini. Ruwan sama yana wanke lakar da ke riƙe da su. Dabbobi suna hawa suna turo su ƙasa. Duk dutsen da ya bar mazauninsa, ko aka ɗauke shi aka kai wani gini, ya tafi da bayanin da babu mai iya mayarwa. Mutanen ƙauyukan kewaye su ne suka riƙe wurin da labarinsa tsawon zamani ba tare da an biya su ko anini ba, kuma dattawan da suka san sunan kowace ƙofa da kowace rijiya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai niyyar zuwa, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ganuwa ta fito fili, sanyin hunturu kuma ya sa a iya doguwar tafiyar ƙasa. Da bazara zafin yankin yakan haura digiri 40, da damina kuma hanya takan ɓaci, ciyawa ta rufe komai. A tafi da ruwan sha isasshe, da takalmin da ƙaya ba ta hudawa, da hula ko malafa, domin babu rumfa babu mai sayar da abinci. A fara da gaida mai gari a nemi ɗan rakiya. Kada a hau inda gini ya tsage, kada a ɗauko ko guntun kasko. Sai babban sharaɗi: tsaro. Shekaru ke nan ana fama da 'yan bindigar da ake kira Lakurawa a ƙananan hukumomin Tangaza, Gudu, Binji da Silame, har sun taɓa kai hari Mera ta ƙaramar hukumar Augie. Kada kowa ya kama hanya sai ya tuntuɓi hukuma da mutanen yankin ya ji halin da ake ciki a makon.

Wanda hali bai ba shi isa kufan ba, ko wanda ke son cika ziyararsa, sai ya tsaya a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, an zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. A can akwai masu, da takubba, da kwari da baka, da tambura, da kayan su, da makwancin sarakunan da suka gabata. Kayan da aka yi rayuwa da su suna Argungu, ganuwar da aka yi rayuwar a cikinta tana Surame, rubutun kuma ya bi ta hannun malaman Gwandu. Sai an haɗa ukun ake samun cikakken tarihin Kabi.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin jihohin biyu ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da mazauninta ke Kalgo, akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai masarautun Gwandu da Argungu da Majalisar Sarkin Musulmi. Abin da ake buƙata a fara da shi sananne ne: a auna ganuwar a zana taswirarta, a naɗi muryoyin dattawan kewaye tun suna raye, a sare itatuwan da ke tsaga gini, a ɗauki masu gadi daga cikin 'yan ƙauyukan a riƙa biyan su, a gyara hanya a kafa alluna. Gwamnatocin Kebbi da Sakkwato su zauna tebur ɗaya a kan Surame, shugabannin makarantun Gwandu da Kalgo kuma su sa ta cikin wuraren da za su kai ɗalibansu da zarar hanya ta yi lafiya.